Yadda Iyaye Za Su Auna Ingancin Shirin Hutun Yara Kafin Su Biya Kuɗi

Da zarar makarantu sun rufe zango na uku a ƙarshen watan Yuli, sai takardun talla su cika gari. Ana ganinsu manne a jikin katanga, a bakin masallaci, da kuma a zaurukan WhatsApp na iyayen yara: wannan yana kiran nasa lesin hutu, wancan ya ce sansanin koyon kwamfuta, wani kuma ya haɗa hadda da koyon sana'a da wasanni a takarda guda. Buƙatar kuwa ta gaskiya ce, domin dogon hutu yakan kai mako shida ko fiye, iyaye da yawa a Kano da Kaduna da Zariya da Katsina suna fita aiki ko kasuwa tun da sassafe, kuma babu mai son barin 'ya'yansa suna gararamba a layi a tsakiyar damina, lokacin da kwatoci suka cika, kududdufai suka tumbatsa. Sai dai takardar talla abin da za a koyar kawai take faɗa, ba ta faɗin wanda zai sa wa yaro ido daga ƙarfe tara zuwa azahar, alhali a nan ingancin shiri yake. Na yi shekaru ina koyarwa a firamare, na kuma riƙe irin wannan shiri a hutu da dama, don haka abin da zan kawo a nan shi ne abin da ni kaina nake dubawa kafin in miƙa ɗana ga wani.

Mataki na farko: ku san abin da yaron yake buƙata

Kafin ku dubi kowace takarda, ku dubi yaron. Wanda ya gama aji uku bai iya haɗa baƙi da wasali ba yana buƙatar wurin da za a zauna da shi cikin ƙaramin rukuni, wanda kuwa karatunsa yake tafiya daidai amma ya maƙale wa waya da talabijin, abin da ya fi buƙata shi ne fili da abokan wasa da aikin hannu. Ku tambaye shi ra'ayinsa, musamman idan ya kai shekara takwas ko tara, domin yaron da aka tura inda ba ya so yakan fara ciwon ciki kowace safiya tun a mako na biyu. Ku kuma lissafa lokacin Islamiyya, kada a taso shi daga lesin a makare ya wuce makarantar yamma bai ci abinci ba, bai huta ba. Hutu ne aka ba shi, kuma wajibi ne a bar masa rabonsa a ciki.

Mataki na biyu: ku je da ƙafarku, ba tare da kun sanar ba

Kada ku yi rajista ta waya. Ku je wurin a lokacin da yara suke ciki, kuma lokaci biyu ne suka fi tona asirin wuri: lokacin tara, wato sa'ar da aka saki yara su ci abinci su yi wasa, da lokacin tashi. Idan shirin bai fara ba tukuna, ku nemi a zagaya da ku, sannan ku sake komawa a makon farko. Mai shirin da ya san abin da yake yi ba ya jin haushin wannan ziyara, shi kuwa wanda ya tsayar da ku a ofis ya ce ba a shiga ciki, ya riga ya ba ku amsar da kuka zo nema.

Gwajin farko yana bakin ƙofa. Idan kuka tura ƙyaure kuka shiga har tsakar makaranta babu wanda ya ce da ku daga ina, to ku sani haka kowane baƙo zai shiga, haka kuma yaro zai sulale ya fita. Daga nan ku bi katanga da ido, ku ga ko akwai inda ruwa ya zubar ko inda ta tsage ta karkata, domin a watan Agusta ne gine-ginen ƙasa da tsofaffin katangu suka fi faɗuwa. Ku nemi rijiya idan akwai, ku tabbatar tana da murfi mai nauyi da kwaɗo, haka ma tankin ƙasa da bakin masai. Ku leƙa bayan azuzuwa, inda ba a kai baƙi, domin a can ake tara karyayyun bencina masu ƙusa, da fasassun kwalabe, da ciyawar da ta yi tsawon da maciji zai iya ɓuya. Idan akwai kududdufi ko babbar kwata a kusa da makarantar, ku tambayi ta wace hanya yara suke bi idan an tashi. Kusan kowace damina sai jami'an kashe gobara na Kano sun ba da labarin yaran da aka tsamo daga kududdufi ko rijiya, kuma galibinsu wanka ko wasa ne ya kai su.

A cikin aji ku ɗaga kai ku dubi rufi da wayoyin lantarki. Bangon da ya jiƙe da soket ɗin da ya fashe haɗari ne babba ga hannun ƙaramin yaro. Janareta kuma a waje ya kamata ya zauna, nesa da tagogi, saboda hayaƙinsa yana ɗauke da iskar guba marar wari wadda take kashewa a rufaffen wuri, kuma bai kamata jarkar fetur ta kasance inda yaro zai kai hannu ba. Ku duba ko ƙofar fita ɗaya ce tak, da ko ana kulle ta da kwaɗo yara suna ciki, sannan ku tambayi inda abin kashe gobara yake da wanda ya iya amfani da shi.

Banɗaki ne wurin da na fi daɗewa idan na je dubawa, domin shi ne ba a iya gyarawa cikin minti biyar don baƙo ya zo. A samu na maza daban, na mata daban, da ƙofa mai rufuwa, da buta da ruwa, da sabulu a bakin wurin wanke hannu. Yarinyar da take ƙyamar banɗakin makaranta takan ƙi shan ruwa don kada fitsari ya kama ta, ta wuni da ƙishirwa, kuma ba lallai ta faɗa wa kowa ba. Idan shirin yana karɓar 'yan mata da suka fara girma, ku tambayi ko akwai malama mace da za su iya zuwa wurinta idan al'ada ta zo musu ba shiri.

Mataki na uku: su wane ne za su riƙe yaran

Wannan shi ne ƙashin bayan lamarin gaba ɗaya, kuma shi ne iyaye suka fi jin nauyin tambaya a kansa. A lokacin hutu malaman makaranta na dindindin da yawa sukan yi tafiya ko su kama wata sana'ar, sai a cike gurbinsu da ɗaliban kwalejin ilimi da suke hutu, da masu bautar ƙasa, da matasan unguwa da suka gama sakandare. Wannan ba aibi ba ne, domin wasu daga cikin waɗanda suka fi iya tafiyar da yara da na taɓa aiki da su matasa ne irin waɗannan. Aibin shi ne a ɗauko mutum jiya a damƙa masa yara yau, ba a san gidansu ba, ba a san wanda ya tsaya masa ba, ba a kuma zaunar da shi an faɗa masa dokokin wurin ba. Saboda haka ku tambayi mai shirin kai tsaye yadda ya samo ma'aikatansa, da ko yana riƙe da kwafin katin shaidarsu da adireshinsu, da ko akwai wani sananne, kamar mai unguwa ko shugaban makarantar da suka fito, da ya shaide su. Tambayar ta haɗa da maigadi da direba da mai shara, domin su ma suna cuɗanya da yaran, wani lokaci ma a inda babu idon kowa.

Sai adadi. Ku ƙirga yaran da kuka gani a aji ko a fili, ku ƙirga manyan da suke tare da su a zahiri, ban da wanda yake ofis yana karɓar kuɗi. Ƙungiyar NSPCC mai kare yara a Birtaniya tana ba da shawarar babba ɗaya ga yara 6 idan shekarunsu 4 zuwa 8 ne, babba ɗaya ga yara 8 idan 9 zuwa 12 ne, da babba ɗaya ga yara 10 idan sun kai 13 zuwa 18, tare da sharaɗin kada manya su gaza biyu ko da yaran kaɗan ne. Na san wanda ya saba da ajin firamaren gwamnati mai yara fiye da saba'in zai ga wannan lissafi ya yi nisa da halinmu, kuma ban ce sai an cika shi daidai ba. Amma shirin hutu kuɗi ake biya, kuma wasa da aikin hannu sun fi zaman aji buƙatar ido. A ganina, idan mutum ɗaya yana riƙe da ƙananan yara fiye da goma sha biyar, tsaro kawai yake yi, kuma ko tsaron ba zai cika ba da zarar ɗaya ya ce zai zaga, wani kuma ya faɗi ya fasa gwiwa.

Sharaɗin manya biyu shi ne wanda ba na sassautawa. Kada a bar babba ɗaya da yaro ɗaya a rufaffen ɗaki, ko da sunan ƙarin karatu, ko horo, ko aike. Ƙofar aji ta kasance a buɗe, tagogi ba a rufe da labule ba, kuma ƙananan da suke buƙatar rakiya zuwa banɗaki mace ce za ta raka su ta tsaya daga waje. Kada malami ya karɓi lambar wayar yarinya ko ya riƙa tura mata saƙo, duk maganar da ta taso da iyaye za a yi ta. Wannan doka tana kare yaro, tana kuma kare malamin kirki daga zargi, shi ya sa ma'aikacin da zuciyarsa take da tsabta ba ya ƙin ta. Haka nan a raba yara bisa shekaru, domin cin zali da koyar da munanan ɗabi'u sau da yawa daga manyan yara suke gangarowa kan ƙanana, a bayan aji ko a layin banɗaki.

Ku kuma tambayi abin da ake yi wa yaron da ya yi laifi, ku saurari amsar da kyau, sannan ku dubi teburin malami ko akwai dorina ko tsumagiya a kai. Ni dai ban yarda da bulala a shirin hutu ba ko kaɗan, balle kamun kunne a rana ko tsallen kwaɗo. Matashin da aka ɗauko na mako huɗu bai san yaron ba, bai san lafiyarsa ba, kuma ba shi da hurumin ɗaga masa hannu. Dokar Kare Haƙƙin Yara ta 2003 ta hana cutar da yaro a jikinsa ko a zuciyarsa da wulaƙanta shi, kuma jihohi sun yi nasu dokokin, Kaduna a 2018, Kano a 2023. Wurin da ya iya aikinsa yana da wasu hanyoyin: a ja yaro gefe a yi masa magana, a cire shi daga wasa na ɗan lokaci, idan abin ya ci tura a kira iyaye. Minti goma da za ku yi a tsaye kuna kallo ya isa ku gane irin wurin. Ku lura ko malamai suna kiran yara da sunayensu ko kuwa kowa "kai yaro" ne, ko suna rusunawa su saurari ƙarami idan yana magana, da ko idonsu yana kan fili ko yana kan waya.

Mataki na huɗu: shiga da fita

Shekarun baya, a wani shiri da nake cikin masu kula da shi, mun tashi yara, muka kulle azuzuwa, har na kama hanyar gida, sai wata uwa ta kira ni tana tambayar ɗanta. Muka koma da gudu muka tarar da shi yana barci a ƙarƙashin benci a ajin da muka rufe. Allah ya kiyaye babu abin da ya same shi, amma laifin namu ne, domin da ido muke ƙirga yara ba da rajista ba. Tun daga ranar nake kiran suna sau uku, da safe, bayan tara, da lokacin tashi, kuma ba na sa kwaɗo sai na leƙa kowane aji da kowane banɗaki da kaina. Ku nemi a nuna muku rajistar ranar da kuka je. Idan ƙarfe goma sha ɗaya ta yi ba a cike ta ba, babu wanda ya san yara nawa ne a cikin gidan.

A takardar rajista a rubuta sunayen mutanen da kuka amince su ɗauki yaron, da lambobin waya biyu aƙalla, kuma a ba ku kati ko wata shaida da mai ɗauka zai nuna. Idan wani daban zai zo, ku ne za ku kira ku sanar, sannan makaranta ta sake kiranku a lambar da take da ita ta tabbatar. Kada a saki yaro don kawai ya ruga ya rungume wanda ya zo yana cewa kawu. Mutanen Kano ba su manta da yarinya 'yar shekara biyar da aka sace a watan Disamban 2021 a hanyarta ta dawowa daga Islamiyya ba, wadda daga baya aka gano cewa mai makarantar bokon da take zuwa ne ya ɗauke ta ya hallaka ta, har kotu ta yanke masa hukuncin kisa a 2022. Wanda ta sani ne, ta kuma yarda da shi, kuma abin da nake so iyaye su riƙe ke nan idan ana maganar wanda zai ɗauki yaro. Ku koya wa yaranku cewa ko malaminsu ne ya tsaya da mota a hanya, ba sa shiga sai da izininku.

Idan mai adaidaita sahu ne yake kai su yana ɗauko su, ku san gidansa da lambar kekensa, ku iyakance yawan yaran da zai ɗauka, kada a ɗora ƙarami a gefen direba ko a bakin ƙofa. Ku kuma tambayi mai shirin abin da yake yi idan ruwa ya tsare iyaye sun makara, wato wa zai zauna da yaron, kuma a ina.

Mataki na biyar: lafiya, ruwa da abinci

Duk wata larura da yaronku yake da ita ku rubuta ta, kada kunya ko tsoron tsangwama su sa ku ɓoye. Nijeriya ce ta fi kowace ƙasa yawan masu sikila, kuma da wuya a tara yara masu yawa babu mai ita a ciki. Irin wannan yaro yana buƙatar shan ruwa akai-akai, kada ruwan sama ya dake shi, kada a tilasta masa gudu har ya galabaita, kuma idan ya ce ƙashinsa yana ciwo ko jikinsa ya yi zafi a kira iyaye nan take. Mai asma ya zo da abin shaƙarsa, a ajiye inda za a ɗauko cikin sauri. Idan mai farfaɗiya ya faɗi, a kawar da abin da zai ji masa ciwo, a sa abu mai laushi a ƙarƙashin kansa, a kwantar da shi ta gefe idan jijjigar ta lafa, kada a tura masa cokali a baki, kada a ɗura masa ruwa, idan kuma abin ya wuce minti biyar a garzaya asibiti.

Ku ce a buɗe muku akwatin agajin gaggawa ku gani da idonku: bandeji, filasta, auduga, safar hannu, ma'aunin zafin jiki da ƙullin gishiri da sukari na ORS. Sannan ku tambayi wanda ya sami horo a kansa, ko a wurin Red Cross ko a ƙungiyoyin 'yan agaji. Akwai tambaya guda biyu da nake gwada mutum da su. Idan yaro ya ƙone, amsar ita ce a sa wurin a ƙarƙashin ruwa mai sanyi na minti 20, ba a shafa man goge baki ko ɗanyen ƙwai. Idan ya yi haɓo, a sunkuyar da kansa gaba a matse tattausan hancin na minti 10, ba a ɗaga kan sama. Wanda ya amsa waɗannan daidai ya san aikinsa. Kada a bai wa yaro kowane irin magani sai da izinin iyaye, asfirin kuwa ba a ba yaro ɗan ƙasa da shekara 16 sai likita ya ce. A bango a manna lambar gaggawa ta 112, da sunan asibiti mafi kusa, da lambar mai abin hawan da za a kira.

Damina lokacin zazzaɓin cizon sauro ne da amai da gudawa. Maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro da ake bi gida-gida ana rabawa a watannin ruwa na yara 'yan wata 3 zuwa 59 ne, don haka yawancin 'yan lesin hutu ba sa ciki, kuma duk zazzaɓi a wannan lokaci gwaji yake buƙata a ranar. Shirin kirki yana da dokar cewa mai zazzaɓi, ko gudawa, ko ƙuraje irin na ƙyanda da ƙarambau, ko ciwon ido na apolo, ya zauna a gida sai ya warke. Ɓarkewar mashaƙo da ta yi tsanani a Kano a 2023 ta nuna yadda cuta take bin inda yara suka taru, don haka ku duba katin rigakafin yaronku kafin ya fara zuwa, kuma ciwon maƙogwaro da kumburin wuya ba abin jira ba ne.

Ku tambayi inda ruwan sha yake fitowa, ku ba yaro gorarsa, domin moɗa ɗaya a bakin randa hanyar yaɗa cuta ce. Idan wurin ne yake dafa abinci ku shiga kicin ɗin. Idan daga gida ne, ku tuna dafaffen abinci ba a so ya wuce awa biyu a ajiye ba a wuta ba, ba a firji ba, saboda haka abin da za a ci da tara ya fi abin da zai jira har azahar. Ku kuma dubi masu tallan da suke bakin ƙofa, domin a can kuɗin tara yake ƙarewa.

Mataki na shida: ku karanta jadawalin rana

Ku nemi jadawalin mako a rubuce, ku gwada shi da abin da kuka gani ana yi. Da yawa daga abin da ake kira shirin hutu ci gaban zango ne kawai, inda ake zaunar da yara awa huɗu suna kwafar darasin aji na gaba daga allo. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin yara ta 1989, wadda Nijeriya ta amince da ita a 1991, ta sanya hutu da wasa cikin haƙƙoƙin yaro a sashe na 31, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya tana so yara 'yan shekara 5 zuwa 17 su sami aƙalla minti 60 na motsa jiki sosai a kowace rana. Ranar da ta tsaru ita ce wadda ake karatu da safe lokacin da ƙwaƙwalwa take sabuwa, a fita fili, a ci abinci, a yi aikin hannu, a rufe da abu mai natsuwa, kuma ƙananan yara ba sa wuce minti ashirin zuwa talatin a kan abu ɗaya.

A ɓangaren karatu, abin tambaya shi ne ko ana gwada kowane yaro a ranar farko a raba su bisa abin da suka iya, ba bisa ajinsu ba. Mako huɗu na karatun Hausa da Turanci a ƙaramin rukuni yana iya buɗe bakin yaron da ya shekara yana ɓuya a bayan aji. Idan an yi alkawarin kwamfuta, ku ƙirga na'urorin da suke aiki, ku tambayi yara nawa ne a kan kowace ɗaya da abin da ake yi idan babu wuta. Manhajar Scratch, wadda aka ƙirƙira a jami'ar MIT ta Amurka don yara 'yan shekara 8 zuwa 16, kyauta ce kuma tana aiki ba tare da intanet ba, don haka babu dalilin da zai sa darasin kwamfuta ya ƙare a zanen linzamin kwamfuta a allo. Idan kuwa akwai intanet, fuskar kowace na'ura ta kasance inda malami yake gani.

Wasa ba ya buƙatar kayan waje masu tsada. Langa da carafke da 'yar gala-gala da dara da tsallen igiya da ƙwallo sun ishi fili, kuma ina jin daɗi ƙwarai idan na shiga wuri na ji 'yan mata suna gaɗa, ko na tarar an gayyato wata dattijuwa ta ce gatanan gatananku yara sun amsa ta zo mu ji ta. Yaran birni da yawa yanzu ba su san Gizo da Ƙoƙi ba, ba su taɓa jin kulin kulifita ba, kuma tatsuniya da kacici-kacici suna koyar da sauraro da sarrafa harshe fiye da yadda ake zato. Ku lura ko 'yan mata suna samun rabonsu na fili, domin abin da aka saba shi ne maza su mamaye shi da ƙwallo, mata su rakuɓe a baranda. Ku kuma tambayi abin da ake yi ranar da aka wuni ana ruwa, da yadda ake shigar da yaro mai larurar ƙafa ko ji ko gani cikin wasa.

Aikin hannu kuwa a zaɓe shi bisa shekaru: ginin yumɓu da zane ga ƙanana, saƙa da ɗinkin hula da girki ga manya, da shuka wake ko gyaɗa a gwangwani wanda kowane yaro zai ga tsironsa cikin mako guda. Akwai abu ɗaya da nake jan kunne a kansa, wato haɗa sabulun ruwa da ya zama ruwan dare a shirye-shiryen koyon sana'a. Ana amfani da kostik soda a ciki, sinadarin da yake ƙona fata, yake makantarwa, idan kuma yaro ya sha shi bisa zaton ruwa ne yakan lalata maƙoshi. Bai dace da 'yan firamare ba sam, manyan ma sai da safar hannu da tabarau da malami a tsaye, kuma kada a taɓa zuba shi a gorar ruwa ko ta lemo.

Mataki na bakwai: fita waje, hotuna da kuɗi

Ziyara zuwa Gidan Makama, ko marinar Ƙofar Mata da ake danganta kafuwarta da 1498, ko gidan zoo, ko hasumiyar Gobarau a Katsina, tana daga cikin abin da yaro ya fi tunawa. Sharaɗinta shi ne izinin iyaye a rubuce, ƙarin manya masu rakiya, mota mai lafiya da kowa yake da wurin zama, da kiran suna kafin a hau da bayan an sauka. Duk fitar da ta shafi wurin ninƙaya ko bakin dam, in babu ƙwararren mai ceto, ku ce ban da ɗanku. Hotunan yara kuma ba a sa su a Facebook ko TikTok don talla sai kun amince, kuma dokar kare bayanai ta 2023 ta buƙaci izinin iyaye kafin a sarrafa bayanan yaro. Batun kuɗi a yi shi a fili: abin da ya ƙunsa, abin da za a sake nema daga baya, da rasit. Inda hali ya yi, ku biya na mako ɗaya ko biyu tukuna.

Mataki na takwas: bayan ya fara zuwa

Idan ya dawo kada ku tsaya a "yaya makaranta", domin amsar kullum "lafiya lau" ce. Ku tambaye shi da wa ya zauna, wane wasa aka yi, wane malami ya fi so da dalili, wa aka yi wa faɗa yau. Ku lura da sauyin hali: yaro mai surutu ya yi shiru, ko ya koma fitsarin kwance, ko ya ƙi wani malami ƙiri-ƙiri, ko ya zo da kuɗi da alewar da ba ku ba shi ba. Idan ƙaramar matsala ce, kamar ƙarancin ruwa ko wani yaro mai cin zali, ku sami shugaban shirin cikin mutunci, ku sa ranar da za ku dawo ku ga gyara. Idan kuwa yaro ya faɗi abin da ya shafi taɓa jikinsa, ku saurare shi cikin natsuwa, ku nuna kun yarda da shi, kada ku yi masa tsawa ko ku titsiye shi da tambayoyi, kada kuma ku mayar da shi wurin. A fara da asibiti cikin gaggawa, domin maganin kariya daga cutar HIV cikin awa 72 yake aiki, sannan a kai rahoto ga 'yan sanda. Akwai cibiyoyin da aka tanada don haka, irin su Waraka a Kano da Salama a Kaduna. Kada ku yarda da sulhun a rufa asiri, domin wanda aka rufa wa asiri wani wurin yara zai koma.

Idan komai yana tafiya daidai, ku ci gaba da leƙawa sau ɗaya a mako a lokuta mabambanta, ku kuma riƙa magana da sauran iyaye. Tun ranar farko ku sa yaron ya karanta muku shafi ɗaya, ku lura da inda ya yi tuntuɓe, ku ajiye shafin. A makon da za a koma makaranta a watan Satumba ku sake miƙa masa shi, ku ce ya nuna muku abin da ya saƙa ko ya shuka, sannan ku tambaye shi ko yana so ya koma baɗi.